Yadda za ka san Chiranjeevi ta fina-finansa: inda za ka fara da abin da za ka bari sai daga baya

Yawancin masu kallon fim ɗin Indiya na fassara a wajenmu sun san Ram Charan, sun san Allu Arjun, amma in ka ce musu Chiranjeevi sai ka ji an ce au wannan dattijon mai gashin baki, baban Ram Charan ko? Toh shi ne, kuma matsalar kenan, mutum zai ci karo da shi a fim ɗin da ya yi yana da shekara sittin da wani abu, yana rawa da yarinyar da a haife ya haife ta, sai ya yanke hukunci ya ce ina abin yake, me ya sa ake ce masa Megastar. Wanda ya fara ta nan ya shigo gidan ta bayan gida ne. In kana so ka gane mutumin nan sai ka bi shi daga farko, kuma ba sai ka kalli fina-finansa sama da 150 ba, guda bakwai ko takwas sun isa in ka jera su daidai.

Kafin ka taɓa ko ɗaya fara raba masana'antun a kanka, don mu nan komai "Indiya" ne. Chiranjeevi ba ɗan Bollywood ba ne, ba kuma ɗan Tamil ba ne irin su Rajinikanth da Vijay. Yarensa Telugu, ana yinsa a jihohin Andhra Pradesh da Telangana waɗanda da jiha ɗaya ce kafin a raba su a 2014, cibiyar fim ɗinsu yanzu Haidarabad ce amma lokacin da ya fara a Madras ake yin komai, garin da yanzu ake kira Chennai. An haife shi ranar 22 ga Agusta 1955 a wani ƙauye Mogalthur, sunansa na yanka Konidela Siva Sankara Vara Prasad, babansa ɗan sanda ne ƙaramin ma'aikaci, ya tafi makarantar koyon fim ta Madras a 1976, fim ɗinsa da ya fara fitowa kasuwa Pranam Khareedu ne a 1978. Riƙe wannan da kyau saboda a masana'antar Telugu gado ya yi yawa, gidan Nandamuri su ne su N. T. Rama Rao da Balakrishna da Jr NTR, gidan Akkineni su Nagarjuna, Mahesh Babu ɗan jarumi Krishna ne, Prabhas ma ta hannun baffansa Krishnam Raju ya shigo. Shi kuwa ba uba ba kawu a harkar, har bos ya riƙa fitowa a farko kafin a yarda da shi a matsayin jarumi.

Na farko da za ka nema shi ne Khaidi na 1983. Yi hankali wajen nema don akwai Khaidi No. 786 na 1988, akwai Khaidi No. 150 na 2017, ga kuma wani fim ɗin Tamil na Karthi mai suna kusan iri ɗaya, saboda haka rubuta sunan ka haɗa da shekarar da sunan darakta Kodandarami Reddy. Labarin ɗan talaka ne manomi da ya so 'yar mai gonaki, aka hallaka masa uba, aka ƙulla masa sharri, ya koma mai ramuwa, kuma duk wanda ya kalli Rambo na farko zai ga inda aka ɗebo wasu abubuwan musamman wajen caji ofis da daji. Hoton ya tsufa, sautin duka irin na da ne mai ƙara kamar ana fasa katako, kar wannan ya dame ka, abin da za ka sa wa ido shi ne saurin jikinsa da yadda idonsa ke yi in ransa ya ɓaci. Sannan ka tuna shekarar, a Janairun 1983 ne N. T. Rama Rao wanda shi ne sarkin masana'antar ya zama babban ministan jiha bayan ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a 1982, wato kujera ta zama babu kowa a kai daidai lokacin da wannan yaron ya ɓullo da salon da matasa ba su saba gani ba.

Daga nan kar ka yi gaggawar tafiya wajen na faɗa, tsaya ka kalli Swayamkrushi na 1987 wanda K. Viswanath ya ba da umarni. A nan shumeka ne mai gyaran takalmi a bakin titi, ba rawar burgewa ba tashi sama, kuma da shi ya ci kyautar Nandi ta gwarzon jarumi wadda gwamnatin jiha ke bayarwa a lokacin. Ni a ganina wanda bai ga wannan ba bai da bakin cewa mutumin rawa kawai ya iya. In ya yi maka ka ƙara da Rudraveena na 1988, labarin ɗan wani babban mawaƙin gargajiya da ya saɓa da ubansa a kan wariyar asali da taimakon talaka, ƙaninsa Nagababu ne ya ɗauki nauyi, Ilaiyaraaja ya yi kiɗa, ya samu lambar yabo ta ƙasa amma a kasuwa bai yi abin kirki ba. Wannan faɗuwar tana cikin abin da zai fahimtar da kai dalilin da ya sa bai cika komawa irin waɗannan ba, 'yan kallo sun nuna masa abin da suke biyan kuɗi su gani. Waɗannan biyun fa sai da natsuwa, ba na kallo kana danna waya ba ne, kuma sun fi daɗi da asalin muryarsa da rubutun fassara a ƙasa, don abin da ke cikinsu magana ce a hankali ba barkwanci ba.

Yanzu ka shiga ganiyarsa, 1990 zuwa 1992. Jagadeka Veerudu Athiloka Sundari na 1990 shi ne wanda zai fi yi wa Bahaushe sauƙin shiga saboda akwai fuskokin da muka sani, Sridevi ce yarinyar fim, Amrish Puri ne bos, labarin 'yar sarkin sama da ta yar da zobenta a duniya, kuma ya fito ne a watan Mayu lokacin da guguwa da ambaliya suka yi wa Andhra ɓarna amma hakan bai hana mutane cika sinima ba. Sai Gang Leader na 1991, wanda shi da kansa ya maimaita da Hindi a matsayin Aaj Ka Goonda Raj a 1992, in ka taɓa ganin wancan toh ka ga labarin, amma na Telugu ya fi zafi. Sai Gharana Mogudu na 1992, fim ɗin Telugu na farko da rabon da masu rarraba shi a sinimomi suka samu ya haura kuror 10, kuma tunda za ka yi ta cin karo da kalmar nan a labaransu, kuror ɗaya miliyan goma ne, wato rupi miliyan 100 kenan a wancan zamanin. A shekarar ne mujallar The Week ta buga cewa ya zarce Amitabh Bachchan, saboda kuɗin da ake biyansa a fim ɗaya ya kai kuror 1.25. Wanda ya yi kiɗan Gharana Mogudu kuwa M. M. Keeravani ne, mutumin da ya ɗauko Oscar a 2023 da waƙar RRR wadda ɗan Chiranjeevi ya taka rawa a ciki.

Wata shawara a gefe, waƙoƙin wannan zamanin wasunsu ba na kallo da yara ko a gaban surukai ba ne, akwai na ruwan sama da shigar da ba ta dace ba, saboda haka rimot ya kasance a hannunka. Amma kar ka tsallake waƙa gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi, in ka cire rawa daga tarihin Chiranjeevi ka cire rabi, a 2024 kundin Guinness ya ba shi shaida a kan taku 24,000 a waƙoƙi 537 cikin fina-finai 156. Zaɓi waɗanda yake rawa da maza 'yan amshi, a nan ma ake ganin ƙafar sosai.

Tsakiyar shekarun 1990 za ka iya wucewa da gudu, fina-finai sun yi ta faɗuwa a 1995, a 1996 bai saki fim ɗin Telugu ko ɗaya ba, ya dawo da Hitler a 1997. Haka ma fina-finansa na Hindi guda uku ba dole ba ne, Bombay, cibiyar Bollywood, ba ta karɓe shi yadda gida ya karɓe shi ba kuma bai nace ba.

Inda za ka sake zama sosai shi ne Indra na 2002 da Tagore na 2003. Indra labarin gabar gidaje ne a yankin Rayalaseema mai fama da ƙarancin ruwa, mutum yana tuƙin tasi a Varanasi kamar ba kowa ba ashe shugaban jama'a ne da ya ɓoye kansa, irin labarin da daga baya aka yi ta maimaitawa har ya gundure mu, amma ka gan shi a hannun wanda ya iya. A Hindi an sa masa Indra The Tiger, kuma wannan wani abu ne da za ka kula da shi, masu fassara zuwa Hindi kan canza suna, wani lokacin masu tura fim a waya su ma su sake laƙaba nasu, sai ka saya ko ka ƙona data a kan abin da ka riga ka kalla, maganin kawai ka duba shekara da sunan yarinyar fim kafin ka sauke. Tagore kuma malamin makaranta ne da ya haɗa tsofaffin ɗalibansa suna farautar ma'aikata masu cin hanci, akwai wajen da likitocin wani asibitin kuɗi ke ta yi wa gawa magani don su tatsi dangi, wannan wajen kaɗai ya isa ka gane me ya sa mutane suka fara ce masa fito takara. Asalin labarin na Tamil ne, Ramanaa, kuma shi ne Akshay Kumar ya maimaita a Gabbar Is Back a 2015, don haka kar gardama ta kaure a majalisa a ce Chiranjeevi ya kwafi Akshay, shekaru 12 ne tsakani. Shankar Dada M.B.B.S. na 2004 ne wanda aka ɗauko daga Munna Bhai na Sanjay Dutt.

A nan sai ka ajiye kallo ka ɗan yi karatu, don daga 2007 zuwa 2017 bai ja fim a matsayin jarumi ba, siyasa ya tafi. Tun 1998 yana da gidauniya mai bankin jini da na ido a Haidarabad, magoya bayansa ke zuwa ba da jini, ga farin jini ga lambar Padma Bhushan da ya samu a 2006, sai ya kafa jam'iyyar Praja Rajyam a Tirupati a Agustan 2008 da tunanin abin da N. T. Rama Rao ya yi cikin wata tara shi ma zai iya. A zaɓen 2009 kujera 18 ya samu cikin 294, shi kansa ya tsaya a mazaɓa biyu ya ci Tirupati ya faɗi a Palakollu da ke yankinsu na haihuwa. A 2011 ya narkar da jam'iyyar cikin Congress, ya shiga majalisar dattawan Indiya a 2012, ya riƙe ƙaramin ministan yawon buɗe ido har 2014. Ni dai ina ganin cika fili da jama'a ya ruɗe shi, mai zuwa ganin jarumi daban mai dangwala ƙuri'a daban. Abin mamaki ƙaninsa Pawan Kalyan da ya kafa Jana Sena a 2014 ya sha kaye a 2019 ya daure, shi ne ya zama mataimakin babban ministan Andhra Pradesh a 2024, shekarar da shi yayan ya karɓi Padma Vibhushan.

Samu takarda ka zana gidan, zai rage maka ruɗani. A 1980 ya auri Surekha 'yar ɗan wasan barkwanci Allu Ramalingaiah, yayanta shi ne furodusa Allu Aravind baban Allu Arjun, kaga kenan Ram Charan da Allu Arjun ɗan mace da ɗan namiji ne, a wajenmu taubasai. Varun Tej ɗan Nagababu ne, Sai Dharam Tej ɗan 'yar'uwarsu ne. Mutumin da ya shigo ba shi da kowa yanzu gidansa ya fi kowane gida yawan jarumai, kuma masu sukar gado a masana'antar da gidan nasa suke fara misali, wannan ma gaskiya ce ba sharri ba.

Sai yanzu ne ya halatta ka kalli na tsufa. Khaidi No. 150 na 2017 shi ne dawowarsa, Ram Charan ya ɗauki nauyi, labarin Kaththi na Vijay ne aka maimaita, in ka riga ka ga Khaidi na 1983 za ka gane me ya sa aka zaɓi sunan da kuma me ya sa sinima ta rikice. Sye Raa Narasimha Reddy na 2019 tarihin wani basarake ne da ya yi wa Turawan kamfanin East India tawaye a 1846, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin malaminsa, yana da tsawo amma ya cancanci zama ɗaya. Waltair Veerayya na 2023 in kana son nishaɗi irin na da. Acharya na 2022 da ya yi tare da ɗansa, da Bhola Shankar na 2023, duka sun faɗi a kasuwa, ka bar su ƙarshe ko ma ka bar su gaba ɗaya ba ka yi asarar komai ba.

Wajen nema, tsofaffin da yawa suna YouTube a tashoshin kamfanonin da ke da haƙƙinsu, rubuta sunan fim da shekara ka ƙara kalmar Telugu don kar ya kawo maka na Hindi da aka yanke waƙoƙi aka rage tsawo, sababbin kuma suna Netflix ko Prime Video. Duba tsawon bidiyon kafin ka sauke, waɗannan fina-finan kusan duk suna kai awa biyu da rabi, in ka ga awa ɗaya da minti arba'in toh an datse shi, nemi wani.