Yadda mai gari zai san masu fita da masu shigowa, da kuɗin da ke biye da su

Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, amma ba za ta gaya maka samari nawa suka bar ƙauyenku bana bayan an cika rumbuna ba. Wannan sai ku da kanku, kuma kaye ɗaya da bik sun isa.

Da farko ka bi gida-gida sau biyu a shekara: da kaka, lokacin da ƴan ci-rani ke haramar tafiya, sai kuma gab da faɗuwar damina, lokacin da suke dawowa shuka. Ka rubuta wanda ya tafi da inda ya nufa, ko Kano da Katsina ta Ɗan Isa, ko Agadas, ko ginar zinariya a Jado, ko Libiya. Mai ci-rani layinsa daban, wanda ya kwashe iyalinsa ya sayar da gona layinsa daban. Na farkon zai aiko, na biyun ya tafi da arzikinsa ke nan.

Sannan masu shigowa: malamin lakwal da aka turo, ɗan kasuwar da ya kama shago, da bayin Allah da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Gidan Rumji tun 2019. Ka rubuta sana'ar kowa.

Wurin kuɗi ne aikin ke son haƙuri. Kada ka tsaya a zaure ka ce, "Malam, nawa ɗanka ya aiko?" Ba wanda zai faɗa maka, za a ɗauka lanho kake son ƙarawa. Ka sa wata dattijuwa da ake jin nauyinta ta shiga cikin gida, don sau da yawa uwa ce ke ƙulle takardar kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza a bakin zanenta. Ta ce, "Inna, kuɗin yaron nan ya kai ku ina? Hatsi aka saya ko tunkiya?" Daga buhu nawa aka saya za ka gane jika nawa suka shigo. In naira aka aiko, ka mayar da ita sefa da canjin ranar, ba na yau ba, domin naira ta sha faɗuwa.

Kada ka manta da abin da ya fita. Akuyar da aka sayar don kuɗin mota, da bashin da aka ci kafin tafiya, duk ka cire su. Ni a ganina nan ne ake yawan ruɗin kai, a ga jika hamsin sun shigo a manta an sayar da ɗan maraƙi.

Ka rubuta shekara a kan kowane shafi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, fita da aike duk sun canza. Jimillar kawai za ka kai wa magajin gari, sunayen mutane su tsaya a akwatinka.