Yadda Ikkilisiya Za Ta Tafiyar da Canjin Fada a Lokacin Azumi

A Cocin Katolika bishop ne ke da ikon naɗa Fada a ikkilisiya, shi ne kuma ke ɗauke shi zuwa wani wuri, kuma wani lokaci takardar canjin wurin aiki takan iso ana dab da Larabar Toka, ranar da Azumin Kirista na shirin Ista ke farawa, ko ma an riga an shiga Azumin. Wannan shi ne lokacin da aiki ya fi yawa a shekara, domin daga ranar shafa toka har zuwa daren Ista babu makon da ba shi da hidimarsa ta musamman. Saboda haka nauyin da ke kan katikis, wato malamin da ke koyar da addini a coci, da majalisar ikkilisiya shi ne su tabbatar cewa canjin bai katse wa jama'a ibadarsu ba.

Abu na farko shi ne a zauna da Fada mai barin gado tun kafin ya fara ɗaure kayansa, a miƙa komai a rubuce. Dokar Coci ta shekarar 1983 ta wajabta wa kowace ikkilisiya ajiye littafin baftisma da na aure da na waɗanda suka rasu, ta kuma buƙaci a rubuta jerin kadarori dalla-dalla a sa hannu. Kwamitin kuɗi ya duba asusun banki, a canza masu sa hannu, a bayyana duk bashin da ake bin coci, ko na siminti ne ko na albashin malamai. Akwai kuma wani littafi da ake yawan mantawa da shi, wato na Misar da mutane suka riga suka ba da baikonsu amma ba a yi ba tukuna. Matar da ta ba da kuɗi a yi wa marigayi mijinta Misa ba za ta ji daɗi ba idan ranar ta zo ba a ambaci sunansa ba, kuma sabon Fada ba shi da hanyar sani sai an nuna masa.

A ganina, waɗanda suka fi buƙatar kulawa a wannan canji su ne manya masu neman baftisma. Sun daɗe suna koyon katikisim, an rubuta sunayensu a Lahadi ta farko ta Azumi, ana yi musu addu'o'i na musamman a Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar, kuma a daren Asabar kafin Ista za a yi musu baftisma. Fadan da ya san labarin kowannensu ya tafi, wanda ya zo kuwa bai san ko fuskokinsu ba. Ya kamata katikis ya shirya takarda mai ɗauke da sunan kowa, da ƙauyensa, da wanda zai tsaya masa, da kuma duk wata matsalar aure da ba a warware ba, domin irin wannan matsala ce ke hana mutum baftisma a ƙarshen lokaci. Bayan haka ya tara su a makon farko su gaisa da sabon Fada ido da ido, ko da zaman bai wuce sa'a ɗaya ba.

Haka nan a ba shi sunayen tsofaffi da marasa lafiya da ake kai wa Jibin Ubangiji a gida, a kuma sa wani saurayi da ya san lunguna ya raka shi. Majami'un ƙauyuka ma suna da hakki. A tsara ranakun da zai je kowace ɗaya domin jin furcin zunubi kafin Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, a fara da mafi nisa, tun da yake su ne aka fi bari a baya idan lokaci ya ƙure.

Ga sabon Fada kuwa, shawarar da ta fi dacewa ita ce ya bar jadawalin da ya tarar har sai an wuce Ista. Idan jama'a sun saba yin Hanyar Gicciye, wato addu'ar tunawa da shan wahalar Yesu, ranar Juma'a da yamma, akwai dalili, domin a Arewa Azumi yakan faɗo a tsakiyar zafin bazara, kuma 'yan kasuwa da ma'aikata sai rana ta yi sanyi suke samun zuwa. Ya tambayi shugabar Zumuntar Mata da shugaban mawaƙa yadda ake yi, ya rubuta abin da yake son gyarawa, ya ajiye. Abin da bai kamata ya jinkirta ba shi ne tunatar da jama'a ƙa'idar azumi: a Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar kafin Ista, wanda ya kai shekara 18 har zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya ne kawai a yini, ƙin cin nama kuma ya hau kan duk wanda ya kai shekara 14.

Batun bikin ban kwana yana bukatar hikima. Azumi lokaci ne da ake sa tufafi masu ruwan shunayya, ba a rera Halleluya, don haka kiɗa da rawa da yanka ba su dace ba. A yi Misar godiya ranar Lahadi, mutum ɗaya ya yi magana a madadin kowa, a miƙa kyauta cikin natsuwa. Idan jama'a suna son babban taro, a gayyato tsohon Fada bayan Ista a haɗa da maraba da sabon.

Dattawa kuma su sa ido a kan maganganun kwatanta wannan da wancan, waɗanda sukan fara tun a ƙofar coci bayan wa'azin farko. Wanda yake da ƙorafi ya kai wa majalisar ikkilisiya, kada ya riƙa kiran tsohon Fada a waya yana ba shi rahoto. Kafin Lahadin Dabino majalisar ta sake zama da sabon Fada, a raba aikin Mako Mai Tsarki: wa zai samo ganyen dabino, su wa za a wanke wa ƙafa ranar Alhamis, wa zai karɓo man da bishop ya tsarkake daga babban coci, da kuma wanda zai tanadi itacen hura wuta da babban kyandir na daren Ista.