Darasi na 6: Saran Maciji da Abin da Za a Yi Kafin a Isa Asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai suna saran mutane kusan miliyan 5.4 a kowace shekara, kuma tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa. Waɗanda suke tsira da naƙasa, ko a yanke musu hannu ko ƙafa, sun ninka mamatan kusan sau uku. Yawancinsu manoma ne da makiyaya da yara. A 2017 hukumar ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi.

Ba kowane maciji ne mai dafi ba. Mesa ba ta da dafi, naɗe abin da ta kama take yi ta matse. Masu dafin kuwa, kowanne da irin ɓarnarsa.

Kububuwa 'yar ƙarama ce, sau da yawa ba ta kai tsawon hannun babban mutum ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da busassun ganye. Idan ta fusata takan naɗe jiki tana goga ɓawonta, a ji wani sauti "shiii". A yankunan ciyayi na Afirka ta Yamma ita ce kan gaba wajen kisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya tashi ya yi tafiyarsa, har ya ce ai da sauƙi, alhali jini yana tsiyaya a cikinsa. Bayan sa'o'i, ko washegari, sai a ga jini a dasashi, ko a fitsari, ko wani tsohon miki ya ɓalle. Kasa kuwa ƙatuwa ce mai nawa, ba ta kauce wa mai tafiya, kuma saranta yana kumbura gaɓa har nama ya ruɓe. Wasu nau'o'in gamsheƙa dafinsu jijiyoyi yake kashewa: fatar ido ta riƙa faɗuwa, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Wasu kuma feso dafi suke yi a ido daga nisan mita 2. Idan haka ta faru, a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

Ga inda ake yawan kuskure. Da zarar an ce "maciji!" sai wani ya kawo igiya ya ɗaure ƙafar tamau, wani ya ɗauko reza ya tsaga wurin, wani ya sa baki ya tsotsa. Duk ukun cutarwa ce. Ɗauri mai ƙarfi yana tsare jini har gaɓar ta mutu. Tsaga kuwa, ga wanda kububuwa ta sara, buɗe ƙofa ce ga jinin da ba zai tsaya ba. Tsotsa ba ta fitar da dafin da ya riga ya shiga nama.

Wani zai ce, "To ai an yi wa wane haka kuma ya warke." Gaskiya ne, amma sau da yawa maciji yakan yi sara bai zuba dafi ba, ko kuma macijin dama marar dafi ne. Wannan mutum ko ba a yi masa komai ba zai tashi. Shi kuwa wanda dafi ya shige shi, duk sa'ar da aka ɓata ana gwaje-gwaje a gida, daga ransa ake ɗiba.

Abin da ya dace shi ne a janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi kafin kumburi ya kama su. A ɗora gaɓar a kan sanda ko katako, a naɗe sako-sako yadda ba za ta motsa ba. Kada ya yi gudu, a ɗauke shi. Idan yana amai, a kwantar da shi ta gefensa. Kada a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini. A lura da lokacin da aka yi saran, likita zai tambaya. Kada kowa ya tsaya farautar macijin. Ko kan da aka datse yana iya sara.

A asibiti akan zuba ɗan jinin majinyaci a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafin ya shiga jini ke nan. Maganinsa allura ce da ake samu daga jinin dawaki ko tumaki waɗanda aka riƙa yi wa allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samar da kariya. Ma'aikatan lafiya kaɗai ke yin ta, domin wasu jikinsu yakan ƙi ta.

Harbin kunama galibi zafi ne kawai ga babba, amma yaro ƙarami a kai shi asibiti, musamman idan yana gumi da amai.

Wajen kariya, a sa takalmi mai rufe ƙafa a gona, a riƙe tocila da dare, kada a zura hannu a rami ko tarin itace. Ɓeraye ne ke jawo macizai gida, don haka a rufe hatsi da kyau. Gidan sauro da aka cusa a ƙarƙashin shimfiɗa yana kare mai barci.

Aiki

1. Rubuta abubuwa uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.
2. Me ya sa ake cire zobe da awarwaro?
3. An sari mutum da ƙarfe 4:15 na yamma, an isa asibiti da ƙarfe 6:00. Minti nawa aka yi a hanya?