Yadda ake shirya wa ɗalibai aikin bincike kan halin ƙasashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Malam, kafin ka raba aikin nan, tsayar da shekara guda. Mu 1947 muke zaɓa: an ajiye makamai tun 1945, tallafin Shirin Marshall, wato taimakon da Amurka ta ba Turai don ta farfaɗo, bai fara isa can ba sai 1948, ga kuma hunturu mai tsanani da ya sa kwal ya yi ƙaranci a Birtaniya har masana'antu suka tsaya. In ba ka ƙayyade shekara ba, alƙaluman Jamus ta yau yara za su kwaso maka daga intanet.

Kasa ajin gida shida: Birtaniya, Faransa, Jamus, Tarayyar Sobiyet, Japan da Amurka. Mako biyu ya ishe su.

Kowane rukuni ya zana jadawali mai layi biyar: abinci, makamashi, ma'aikata, sufuri, kuɗin ƙasashen waje. A gaban kowane layi gurbi uku ne, wato abin da ƙasar ke da shi, abin da take buƙata, da abin da ya hana ta samu. Gurbi na ukun nan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ɗalibai suka fi tsallakewa domin ba a kwafo shi, sai an yi tunani. Ba su misali a allo. Faransa na da tama a yankin Lorraine, amma narka ta sai da kwal ɗin Ruhr na Jamus. Jamus kuwa an raba ta yankin mamaya huɗu, an ragargaza mata layin dogo da gadoji, masu haƙar kwal ɗin ma yunwa suke ji. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa ƙasashe shida na Yammacin Turai, ciki har da Faransa da Jamus ta Yamma, suka haɗa harkar kwal da ƙarfensu a 1951.

Sa ido sosai kan rukunin Birtaniya. Suna ɗauka wanda ya ci yaƙi ya wadata, alhali a 1946 ta fara ƙayyade rabon burodi, ta kuma ranci dala biliyan 3.75 daga Amurka, bashin da ba ta gama biya ba sai 2006. Sa su binciko inda take samo man girki da kuza, za su iske gyaɗar Kano da ma'adinan Jos. Tambaye su: a jadawalin wa ya kamata a rubuta wannan arziki?

Ranar ƙarshe a ci kasuwa a aji na minti 20. Kowane rukuni ya yanka kati goma, ya rubuta kayansa a kai. Doka ɗaya ce: kayan Amurka sai da katin dala, kuma kusan duk katunan dalar suna hannunta. Ciniki zai cije nan da nan. A lokacin ne za ka kawo zancen tallafin kimanin dala biliyan 13 na Shirin Marshall, ka tuna musu cewa Sobiyet ta ƙi shiga, Japan kuma ba ta cikinsa, ko da yake ana yawan kuskuren saka ta.

Wajen maki 20, ba gurbi na uku 10, gabatarwa 5, tushen bayani 5. Kowane adadi ya zo da tushe biyu da shekararsa. Yawan mamata yakan saɓa daga littafi zuwa littafi, saboda haka a rubuta "kimanin miliyan 27" ga Sobiyet, kada a yanke lamba.