Ku zuba jerin littattafan kwas a Zotero tun makon farko

'Yan uwa ɗalibai, da zarar malami ya turo jerin littattafai da muƙalun da za a karanta a zango, ku kwashe su ku zuba a manhajar Zotero mai adana bayanan littattafai da tsara manazarta, wadda kyauta ce, sannan ku buɗe wa kowane kwas jakarsa da lambarsa.

Ba sai kun rubuta komai da hannu ba. Yawancin littattafai suna da lambar ISBN a bayan bango, muƙalun mujallu kuma galibi suna da lambar DOI. Idan kuka liƙa lambar a gurbinta, manhajar za ta ciro sunan marubuci da shekara da maɗaba'a da kanta.

Ku sauke PDF ɗin tun kuna da data, ku haɗa shi da bayanin littafin, domin adireshin da malami ya bayar yakan daina buɗewa, wani lokaci kuma a rufe shafin kwas bayan jarrabawa. Ranar rubuta kundin kammala digiri, Zotero za ta jera muku manazarta a salon APA cikin Word, aikin da kan cinye wa mutum dare guda.

Dabarar liƙa lamba ba ta aiki a kan takardun darasi da aka ɗauki hotonsu da waya, haka ma wasu littattafan da ake bugawa a gida ba tare da ISBN ba. Waɗannan sai an shigar da su da hannu, a kuma duba ƙ da ɗ da ɓ a sunayen marubuta. Ma'ajiyar intanet da Zotero ke bayarwa kyauta 300 MB ce kawai, saboda haka manyan fayiloli su zauna a kwamfuta.