Yadda Za Ka Daidaita Fentin Sabon Murfin Babur da Launin Kamfani

Fara da neman lambar launi. A baburan Honda da yawa, tana jikin wata 'yar takarda a ƙarƙashin kujera. Amma lambar kaɗai ba ta wadatarwa, domin rana ta riga ta koɗar da tsohon fentin. Ka kwance tsohon murfi ɗaya ka kai wa mai haɗa fenti ya gani da idonsa.

In sabon murfin na roba ne, wanke shi da sabulu, ka goge da samfefa mai lamba 600 zuwa 800, sannan ka fesa sinadarin da ke sa fenti kama roba. In ka tsallake wannan, fentin zai ɓare.

Launin shimfiɗar ƙasa, wato fentin farko da ake fesawa kafin ainihin launin, yana da tasiri sosai: ja a kan fari ya fi haske, a kan ruwan toka kuwa sai ya yi duhu. Saboda haka gwada a kan guntun kwali tukuna, har da fenti mai ƙyalli na sama, ka kwatanta a hasken rana.

Riƙe bindigar feshi santimita 15 zuwa 20 daga murfin, ka bar minti 10 tsakanin shafi da shafi. Fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe yana yin duhu in an fesa shi da kauri har ya jiƙe da yawa.