Yadda nake lissafin nisan Dubai zuwa Guangzhou kafin na sayi tikiti

Kayan waya nake sayarwa a Gombe, kuma sau biyu a shekara nake zuwa Chaina saro kaya, galibi ta Dubai. Kwanan baya yaron shagona da zai yi tafiyarsa ta farko ya shigo da tikitinsa hankali a tashe, ya ce: "Alhaji, ashe awa 11 da rabi za mu yi a sama daga Dubai?" Na ce masa ya zauna mu lissafa tare. Ga abin da na nuna masa.

Fara da nisan kansa. Buɗe Google Maps, ka danna kan filin jirgin Dubai ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi wurin auna nisa, sannan ka ja layin zuwa filin Baiyun na Guangzhou. A tikiti za ka ga an rubuta su DXB da CAN. Zai ba ka kimanin kilomita 5,800. Daga Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne a mota, ka ga kamar ka yi wannan tafiyar sau 38 ke nan. Wani shafin da mil yake bayarwa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, sai ka ninka. Idan ka ga layin ya ɗan lanƙwashe a taswira kada ya dame ka, duniya ce a mulmule, kuma wannan lanƙwasar ita ce hanya mafi kusa.

Sai ka raba nisan da gudun jirgi. Babban jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa, wato awa 7 ba kaɗan. Ƙara rabin awa ko fiye na tashi da sauka, da 'yar kewayar da jirgi kan yi don ba ya bin layin sak. Ka sami awa 7 da rabi zuwa 8.

To ina sauran awa 4 ɗin da suka tsorata yaron? A agogo suke. Tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da ka baro, na sauka kuma da agogon garin da ka isa. Chaina ta riga Dubai da awa 4, ta riga Najeriya da awa 7. A ce ka tashi ƙarfe 10 na safe ka sauka 9 da rabi na dare: awa 11 da rabi ke nan a agogo, cire 4, saura 7 da rabi. Nan ne na fi son matafiyi ya natsu, musamman saboda salla. Mai tafiya gabas yininsa gajere ne, azahar da la'asar da magariba duk a cikin jirgi za su same shi, kusa da juna fiye da yadda ya saba. Ni da alwalata nake shiga, kuma tun a filin jirgi nake duba lokutan sallar Guangzhou na ranar.

A dawowa nisan bai canza ba, amma tafiyar takan fi tsawo da kusan rabin awa zuwa awa guda, saboda iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, jirgi na fuskantar ta. Don haka idan za ka canza jirgi a Dubai zuwa gida, kada ka yarda da tikitin da ya bar maka ƙasa da awa 2 tsakani, balle kana tafe da jakunkunan kaya.